Layar Farar Ungulu

Bahago ya buɗe ido ya tarar da ungulaye a kwata, kamar yadda ya tarar da wuƙa a hannun ubansa. A 'yar mayankar nan ta bayan ganuwa, wajen Ƙofar Kibo, tun kafin a kayar da sa sun riga sun jeru a kan rimi, sun sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Ubansa, wanda ya shigo birni daga ƙauye da fawarsa, yakan yanki tumbi ya wurga musu kafin ya sallami kowa. In yara suka ɗauki dutse sai ya daka musu tsawa.

"Akushinmu ɗaya da su," in ji shi. "Mahauci ba ya zubar da jinin ungulu. Wanda ya yi, ya ci amanar abokin cin tuwo."

Sai aka wayi gari babu su. Ba mai iya cewa ga ranar da suka tafi. An dai san masu magani suna sayen kai da ƙafa da gashi, an kuma san da masu zuba guba a mushe su zo su kwashe da buhu. Rimin ya koma na hankaki, bayan kwata kuwa ya ɗauki wani wari wanda a da ba a san shi da shi ba. Bahago bai damu ba. Yana da abin da ya fi wannan damunsa.

'Yarsa ta fari, Munira, farfaɗiya ce da ita. Shi ba ya ma iya faɗin sunanta, don kunyar 'yar fari da aka tashe shi da ita, sai dai ya ce "'yar nan". Matarsa Radiya, da yake 'yar birni ce, ita ke kiran sunan gatsal, ita ce kuma ta matsa aka kai yarinyar asibiti. Aka ba su wasu 'yan ƙwayoyi farare. Damina guda cur Munira ba ta faɗi ba. Amma likita ya ce shan maganin na shekaru ne, wataƙila ma har girmanta. Wannan maganar ce ta tsaya wa Bahago a maƙogwaro. Gidan haya suke, ɗaki-ɗaki, kowa na ganin kowa. Matan gidan sun riga sun ware wa Munira kofinta, wani jan kofin roba mai tsagaggen baki, don an ce duk wanda yawunta ya taɓa shi ma ya kamu. To yarinyar da za ta girma ana nuna ta da baki, ana cewa ga mai shan ƙwayar faɗuwa can, wa zai zauna da ita? Shi magani yake so wanda zai tumɓuke ciwon har saiwa.

Ya je wurin Nasidi mai magani, wanda ke baza ƙahoni da fatu da saiwoyi a gefen kasuwa. Nasidi ya saurare shi yana kaɗa kai.

"Wannan ai ba ciwon asibiti ba ne, ɗan Sarkin Fawa. Iska ce. Hayaƙin kan ungulu kawai take so, sau ɗaya, ta rabu da yarinya har abada. Amma fa ku ajiye ƙwayar nan tukuna. Ba a sarki biyu a gari ɗaya."

Radiya ta yi kuka, ta yi magiya. Bahago ya ce ai na ɗan lokaci ne, kafin ya samo kan. Aka ajiye ƙwaya, aka koma jiƙe-jiƙen Nasidi.

Ashe samun ungulu ya fi samun kuɗi wuya. Ya bi kasuwannin ƙauye har takalminsa ya tsinke. A wata kasuwa aka miƙo masa busasshen kai a ƙunshe, ya kwance ya ga na hankaka ne, ya mayar ya kama hanya. Ciwo kuwa ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ran nan Munira ta faɗi a bakin murhu, hannunta ya shiga garwashi. Matan gida suna tsaye suna salati, babu wadda ta janye ta, sai da Radiya ta rugo daga banɗaki. Tun daga ranar Bahago ya daina cin abinci ya ƙoshi. In yana fiɗa a kwata, rabin idonsa na sama.

Bayan an yanke dawa, wata rana da azahar, mahauta duk sun watse, ya tsaya wanke wuƙaƙe, sai inuwa ta gifta ta kansa. Ya ɗaga kai. Wata tsuntsuwa ce ta sauka a kan juji, fara kamar an wanke ta da bula, bakin fikafikanta baƙi, fuskarta rawaya. Ba irin ungulayen ubansa ba ce, amma tafiyarta ta ungulu ce, cin ta ma na ungulu ne. Ungulu ba ta jewar banza, ya ce a ransa, wannan Allah ne ya aiko ta.

Ya shimfiɗa zarge a ƙasa, ya ɗora hanji a tsakiya, ya koma bayan rumfa da bakin igiyar. Yunwa take ji, ba ta daɗe tana shawara ba. Da ya fizge, ya rufa mata jiƙaƙƙen buhu, sai ya ji wani abu mai tauri a gadon bayanta. Wani ɗan baƙin abu ne kamar gidan ashana, samansa na ƙyalli kamar madubi, an ɗaura mata shi da lallausan zare ta ƙarƙashin fikafikai, ɗauri na wanda ya san abin da yake yi.

Nasidi da ya leƙa buhun sai da ya miƙe tsaye.

"Fara! Kai, yaro, uwarka ta yi maka addu'a. Kanta naku, gangar jiki tawa. Amma kada ka yanka sai wata ya tsaya, kuma kai uban za ka yanka da hannunka." Ya shafa baƙin abin nan da yatsa. "Ka ga wannan? Laya ce. Wani babban malami ne a wata ƙasa ya yi mata tsari. Kana gani duk 'yan'uwanta sun ƙare, ita tana yawo? Cire ka rataya wa yarinya, ta fara cin albarkacinta."

Haka aka yi. Bahago ya kwashe kaji daga akurki ya saka tsuntsuwar, ya yanke zaren a hankali, Radiya ta ƙulla layar a wuyan Munira. An ce ta riƙa ɓoyewa a cikin riga, amma ina, da an juya baya ta fito da ita saman hijabi tana haska bango da ƙyallinta. Ta kuma sa wa tsuntsuwar suna Hajiya, wai don ta sa fararen kaya kuma daga nesa ta zo. Da ta dawo daga Islamiyya sai ta tsuguna a bakin akurki tana ba ta labari. Bahago yakan kawo wa tsuntsuwar tumbi daga kwata kullum, ya ajiye, ya kau da kai da sauri. Ba ya son su haɗa ido.

Ranar da ake sa ran ganin wata, bayan la'asar, yana zaune a zaure yana wasa wuƙa, sai ya ji sallama. Zulkiflu ne, ɗan gidan malamai na Limancin Kona, wanda suka yi makarantar allo tare kafin boko ya raba su. Yanzu yana karatun tsuntsaye a jami'a, yana kuma aiki da wata ƙungiya mai kare su. Yana sanye da farin kaftani, idonsa na kan waya, yana tafe yana waige kamar mai neman akuyar da ta ɓata.

"A'a, Ɗan Liman! Yau kai ne a lungun mahauta? Ko an daina cin nama a Kona sai an zo an ga mai yankan?"

"Bahago? Nan ne gidanka?" Zulkiflu ya dubi waya, ya dubi ƙofa, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "To, Alhamdu lillahi, abin ya zo gidan sauƙi. Wata tsuntsuwa nake nema, kuma ta ɗaure mini kai. Tsuntsuwa ce da ta taso daga gabashin Turai, ta ƙetare teku, ta ƙetare hamada. Amma kwanan nan kullum da hantsi sai ta fito daga gidan nan a ƙasa, ta bi lungu, ta shiga Islamiyyar bayan masallaci, ta zauna har azahar, ta dawo. Alhamis da Juma'a kuma ba ta zuwa. Mutanen can Turai masu bin sawunta sun dame ni da waya, wai ko a Zariya har ungulu ake sakawa a makaranta."

Bahago bai yi dariya ba. Wuƙar ta tsaya a kan dutse.

Ana haka sai ga Munira ta shigo daga aike, da ƙullin gishiri a hannu, layar nan na walƙiya a ƙirjinta. Ta durƙusa ta gaishe su ta wuce ciki. Zulkiflu ya bi ta da kallo har labulen buhu ya rufe.

"Inna lillahi. Bahago, ina tsuntsuwar? Kada ka ce mini ka yanka."

"Tana nan da ranta."

"Fito da ita."

"Ba zan fito da ita ba."

"Ka san abin da ka rataya wa yarinya? Ba laya ba ce, na'ura ce. Da ita ake ganin duk inda tsuntsuwar ta sa ƙafa, a kan taswira, daga ko'ina a duniya. Irin wannan ungulun saura kaɗan a can inda take haihuwa. Gwamnatoci sun zauna, sun yi yarjejeniya a kan tsuntsaye masu ƙaura, cewa duk ƙasar da suka ratsa amana ce a hannunta. Nijeriya ta sa hannu. Kama ta laifi ne, balle yanka. Wallahi in maganar nan ta fita daga hannuna, ɗauri ne, kuma ba ni da yadda zan yi maka."

"Su ɗaure ni. Amma sai gobe."

"Kai, Bahago, ka yi hankali! Mutane sun yi shekaru suna wahala a kan tsuntsuwar nan. Tun tana cikin ƙwai ake gadinta. Akwai masu kwana da tashi da tunanin inda take."

"Tun tana cikin ƙwai," Bahago ya maimaita a hankali. Ya miƙe ya tare ƙofar shiga gida. "Ƙasashe sun taru sun sa hannu a kan tsuntsuwa. Madalla. To Ɗan Liman, kai da ka yi karatu, gaya mini, wace ƙasa ce ta sa hannu a kan Munira?"

Shi kansa sai da ya ji sunan ya yi masa nauyi a baki, don bai taɓa furta shi a gaban mutum ba. Zulkiflu ya mayar da wayarsa aljihu. Bahago ya gaya masa komai a tsaitsaye, faɗuwar, da ƙunar, da hayaƙin da za a yi in wata ya tsaya.

"Kan ungulu ba ya maganin farfaɗiya," in ji Zulkiflu, amma yanzu a sanyaye.

"Ka gwada ne?"

Kafin ya amsa sai ihun Radiya ya tsaga gidan.

Bahago ya faɗa ciki. Munira na kwance a tsakar gida kusa da rijiya, gishiri ya watse, jikinta na fizga, idanu sun juye, kumfa na fita ta gefen baki. Matan gida sun ja 'ya'yansu sun manne da bango. Wata na cewa, "Ku matsa, kada yawun ya taɓa ku!" Radiya ta rarumo cokali tana neman cusa mata a baki.

"Kada ki sa mata komai!" Zulkiflu ne. Ya shigo har tsakar gidan matan aure babu sallama babu izini, abin da ɗan gidansu ba ya yi. Ya durƙusa, ya juya yarinyar ta gefe, ya tura hularsa ƙarƙashin kanta, ya share mata baki da hannun farin kaftaninsa. Matan suka yi salati gaba ɗaya.

Fizgar ta lafa. Radiya ta fara hamdala. Amma Munira ba ta farfaɗo ba, kafin a ce kwabo jikin ya sake sanƙarewa, ta koma. Ba ta taɓa yin biyu a jere haka ba. Leɓɓanta suka fara sauya launi.

Bahago ya dubi sama. Rana ba ta ko faɗi ba, balle a yi zancen wata. Ya ji wuƙar na hannunsa har yanzu. Ya juya ya nufi akurki.

"Radiya, hura garwashi! Ba zan jira wata ba."

"Bahago!" Zulkiflu ya yunƙura zai tashi, kan yarinyar na bisa cinyarsa. Ya dubi akurki, ya dubi Munira. Bahago ya ga yadda fuskarsa ta rabu biyu. Sai Zulkiflu ya koma ya durƙusa. "Maman Munira, an taɓa kai ta asibiti?"

"An kai ta. Sun ba ta ƙwaya, ta yi damina ba ta faɗi ba."

"Ina ƙwayar?"

Radiya ta dubi bayan mijinta. "An ce a ajiye."

Zulkiflu ya yunƙura. Ya sa hannu biyu ya sungumi yarinyar, yawunta na zuba a kafaɗarsa.

"Bahago, hannuna biyu ne, ba zan iya riƙe su duka ba. Wannan irin da ba ta tsayawa tana kisa, kuma asibiti suna da allurar da ke tsayar da ita. Ban ce maka za ta warke ba, ni ba likita ba ne. Amma na tafi da ita. Tsuntsuwa kuma ga ka ga Allah."

"Ka ajiye mini 'yata! Yanzu za a yi hayaƙin!"

Radiya ce ta amsa, tana jan mayafi. Ta dubi mijinta, ba ta ɗaga murya ba. "Malam, na bi maganarka tun kaka. Yau ka yi haƙuri."

Suka fita da gudu, don Keke Napep ba ya shiga lungun, sai an kai bakin titi. Matan gida suka shige ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya. Tsakar gida ta rage daga Bahago sai akurki.

Ya jawo tsuntsuwar. Ba ta yi wani kokawa ba. Ya haɗe fikafikan ya take da ƙafa, ya juya ta gabas, kamar yadda ya yi wa kaji da zabi ba adadi. In ya yanka yanzu, ya ƙona kan, zai iya bin su da kasko har asibitin. Ko a bakin ƙofa ne ya tsaya ya fifita hayaƙin ya shiga. Hannunsa na hagu, wanda bai taɓa yi masa gardama ba, ya ɗaga wuƙa.

Sai ya tuna bai ba ta ruwa ba. Tun yana yaro bai taɓa sa wa dabba wuƙa da ƙishirwa ba, hannunsa ma ba zai yarda ba. Ya laluba cikin akurki da hannun dama yana neman kaskon kaji. Abin da ya jawo jan kofin roba ne mai tsagaggen baki, da sauran ruwa a ciki.

Ya tsaya yana kallon kofin. Ashe abin da Munira take yi ke nan in ta tsuguna a nan. Ya tuna shekaranjiya ya ji ta tana ce wa uwarta, "Umma, Hajiya ba ta ƙyamata," bai kuma tsaya ya gane ba. Duk gidan nan babu wanda ya taɓa kai kofin nan bakinsa. Ya bincika ransa, ya ga har da shi.

Ya miƙa mata. Tsuntsuwar ta tsoma baki, ta ɗaga kai ta haɗiye, ta sake tsomawa, a natse, kamar wadda ta saba.

Akushinmu ɗaya da su.

Ya nemi Bisimilla a bakinsa, ta ƙi fitowa. Ya sake nema. Hawaye suka zubo masa har kan farin gashin. In ya sake ta, allurar asibiti kuma ba ta yi ba fa? Ba zai ƙara ganin wata ungulun ba har ya mutu, wannan ya sani. Ya daɗe a sunkuye, ƙafa a kan fikafikai, wuƙa a sama, har hannun ya fara ciwo.

Sannan ya ɗage ƙafarsa.

Ba ta tashi nan take ba. Ta miƙe, ta girgije, ta yi 'yan taku a tsakar gida kamar mai duba ko ta manta wani abu. Ta yi tsalle ta hau bakin rijiya, daga nan katanga. Ta buɗe fikafikan ta riƙe su a iska, har ya ɗauka kwanakin akurki sun kashe mata su. Sai ta faɗa gaba, ta yi ƙasa kamar za ta daki rufin maƙwabta, ta ɗago da ƙyar, ta bi ta saman ganuwa.

Gashi ɗaya ta bari, dogo, fari. Bahago ya tsince shi ya sa a aljihu, ko da zai yi rana. Ya ɗauki jan kofin, ya shanye ɗan ruwan da ya rage, ya jefar da wuƙar a nan ƙasa, ya fita ko takalmi babu.

A bakin titi babu su babu alamarsu. Bai ma san wane asibiti suka nufa ba, ba shi kuma da lambar Zulkiflu. Ya tsaya yana haki, kekuna na wucewa, mutane na ɗaga kai wajen yamma suna neman wata. Sai ya tuna ba a cire wa Munira layar ba. Yanzu haka, a wata ƙasa da bai san sunanta ba, akwai mutanen da suka zuba wa taswira ido, suna ganin inda 'yarsa take, suna roƙon kada ɗigon da ke nuna ta a taswirar ya tsaya. Shi kaɗai ne bai sani ba.

Ya zaɓi hanyar asibitin da suka taɓa zuwa, ya sa gudu.